Farar Takarda, Baƙin Hoto

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Mun dawo da Baba gida daga likita. An kwantar da shi a ɗakinsa, kusa da taga. Majo, ma'aikacin jinya, ya ce a riƙa juya shi, a ba shi kunu da cokali, a rage masa gishiri. Sauran abin da ya faɗa wa Inna a bakin ƙofa ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa mini ba.

Tun shanyewar jikin da ta same shi a masallaci bai ce uffan ba. Malam Zakariya'u guda, mutumin da in ya fara bayanin alwala sai tuwo ya huce a kwano. Hannun hagu kaɗai ke motsi. Da shi ya nuna gafakar fatar da ke rataye a ƙusa, sannan ya nuna wajen gulbi. Ya sake, ya kuma sakewa, har Inna ta ce masa ta gane.

Kowa a gidan nan ya san gafakar. Littafin fiƙihu ne rubutun hannu, warƙa-warƙa, ba ɗinki. Na malaminsa ne, Alfa Yazidu na Karimama, can ƙetaren gulbi a ƙasar Benin. Aro ya ba shi tun Baba yana saurayi. Alfa ya daɗe da rasuwa, littafin yana nan. Yanzu Baba yana so a mayar wa magada kayansu, tun yana gani.

Ni kuwa na buɗe ɗazu na duba. Gefen kowace warƙa cike yake da rubutun Baba, ajami ƙanana-ƙanana, bayaninsa da Hausa, yadda yake magana sak. In littafin nan ya ƙetare gulbi, maganarsa ta ƙetare ke nan. Hannun da ya rubuta ta yana kwance a gefensa, ko ƙuda ba ya kora.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Yaya Abdoulaye ya iso daga Kwatano da kamiyonsa, babbar motar da yake ja, zai wuce Yamai da kaya. Ya shiga ya ga Baba, ya fito ya daɗe a bayan ɗaki yana wanke fuska. Da ya dawo sai ya sauko da gafakar, ya ce zai ari moto, wato babur, ya kai ta Karimama yau ɗin nan kafin ya kama hanya.

Na tare ƙofa. Na ce ya bar mini ita in ɗauki hoton warƙoƙin tukuna, da ƴar aparai ɗin da shi da kansa ya sayo mini lokacin aurena.

"Ke Nasiba, amana ta hwa," in ji shi. "Ba a wasa da amana ga wuyan mai ciwo."

"Yaya, kwana biyu ne kawai. Kafin ka dawo daga Yamai na gama."

"In wani abu ya hwaru kahin in komo hwa?"

Kuka na sa masa. Tun muna yara ba ya iya kukana, kuma na sani, shi ya sa na yi. Ya mayar da gafakar ƙusa. Baba yana kallonsa har ya fita hannu wofi.

Maigidana ya kira daga Dioundiou, ya ce in zauna har a koma lakkwal, tun da dai bakans muke, hutun makaranta. Lokaci ina da shi. Aikin danna buton ne kawai.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan azahar

Aikin danna buton, in ji wadda ba ta taɓa yi ba.

Na yi alwala da safe, Inna ta share tsakar ɗaki ta ce littafin ilimi ba zai taɓa tabarma ba. Ta buɗe akwatin Baba ta ɗauko farin ƙyallen nan da ya zo da shi daga Makka, wai duk gidan babu abin da ya kai shi tsarki. Na san ƙyallen. Kowa ya san abin da aka ajiye shi dominsa. Na kawar da kai ta shimfiɗa.

Na ɗauki warƙoƙi da dama, ina jin daɗin kaina. Na tafi sibar ɗin bakin kasuwa, shagon intanet, na sa kart ɗin aparai a ordinater don in ga hotunan a babban allo. Sai ga takarda ta fito kalar toka, babban rubutun Alfa da ƙyar ake ganinsa, na Baba kuwa da ke gefe, da yake tawadarsa ta koɗe, ya nutse gaba ɗaya. Ɗakin ba duhu gare shi ba, da idona nake karanta rubutun nan ba wahala. To me ya sa na'ura mai tsada ta kasa abin da idon maitires, malamar makaranta mai gilashi, ke yi?

Alhamis, 7 ga Agusta, da yamma

Na matso da shimfiɗar bakin taga. Toka dai.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan an sauko

Na kunna filas. Tsakiyar warƙa ta ƙone fari fat, gefe-gefe kuma, inda nake nema, ya ƙara duhu. Duk walƙiyar da ta yi sai Baba ya runtse ido. A ta uku Inna ta ce, "Kashe wagga tsiya, kina hirgita mini shi." Na kashe.

Na ce bari in fita da littafin tsakar gida inda rana take. Ina kaiwa bakin ƙofa Baba ya buga gado da hannu. Ya zaci tafiyar ce, idonsa har ya yi haske. Da ya ga na durƙusa a tsakar gida ina shimfiɗa ƙyalle sai ya juya fuska bango. Ban ɗauki ko ɗaya ba, na kwaso na dawo ciki. Ga shi kuma hadari ya taso ta gabas, ɗigo ɗaya ya isa ya wanke layi guda.

Maza sun wuce masallaci ta ƙofar gida, wasu sun tsaya sun yi sallama. Na ji wani yana tambayar wa zai karɓi karatun bayan la'asar.

Lahadi, 10 ga Agusta, da hantsi

Na sayo sabbin pil, wato batir, wai ko tsofaffin ne suka gaji. Na goge idon aparai da gefen mayafi har yana ƙyalli. Na duba ƴar takardar bayanin da ta zo cikin kwalinta, sai na tarar ɓangaren Faransanci ɓera ya cinye, ya bar mini wani rubutu da ko sunansa ban sani ba. Ɓeran gidan nan ma ya san abin da ke da amfani.

Bibata maƙwabciyarmu ta shigo da fura. Ta leƙa hoton, ta leƙa littafin, ta ja da baya.

"Ni dai na hwaɗa miki, littahin ga ba shi son hoto. Akwai abin da ba a ɗauka."

Na yi dariya na ce na'ura ce kawai. Amma bayan ta fita na zauna ina kallon gafakar. Ni da nake koya wa yara cewa ƙasa ce ke zagaya rana, sai ga ni ina tunanin ko littafi na iya ƙin abu. Gaskiyar magana ba littafin ne ba ya so ba. Wanda ba ya so yana kan gado, kuma ya gaya mini da hannu ɗaya iyakar yadda zai iya.

Ya sha kunu cokali kaɗan. Inna ta ce jiya ya fi haka.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Rashin sani ya fi dare duhu. Yau na sauke girman kai na tafi wurin Ɗan'azumi mai hoto, wanda shagonsa ke jikin otogar, tashar mota. Shi ya ɗauki hoton aurena, ya fito da ni kamar wadda aka ba tsoro, shi ya sa ban so zuwa ba.

Ya karɓi aparai ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana tauna goro.

"Madam, mi kika shimhiɗa ƙarƙashin takardar?"

"Farin ƙyalle."

"Hwarar takarda bisa hwarin ƙyalle." Ya girgiza kai. "Ita wagga ba ta san takarda ba. Haske kawai take aunawa. In ta ga hwari ya cika mata ido sai ta aza rana ta tay yi yawa, ta runtse. Ke kina ƙara mata hwari, ita tana ƙara runtsewa."

Ya nuna mini wani ɗan buton da alamar ƙari da ragi a jikinsa, wanda tun da aka ba ni aparai ɗin ban taɓa kula da shi ba. In an danna sai wani ma'auni ya fito, sifiri a tsakiya. Ya ce in tura shi wajen ƙari, ɗaya ko ɗaya da rabi, wato ina gaya mata cewa farin nan na gaskiya ne, ta bar shi fari. Ya gwada a kan wata jarida a gabana. A sifiri toka, a ƙari takarda sarai. Ya ce kuma in canja ƙyallen da mai duhu, kar in kunna filas.

Na tambayi abin da zan ba shi. Ya ce Malam ne ya raɗa wa ɗansa na fari suna, in gaishe shi. Sai kuma ya ce, "Yana ji dai ko?" Na ce yana ji.

A hanya ina ta tunani. Ladabin da muka yi wa littafin, shi ya yi ta ɓata mini hoto kwana da kwanaki.

Talata, 12 ga Agusta, da safe

An sha daga da Inna. Na ce a naɗe farin ƙyalle, in shimfiɗa baƙin zanena.

"Zanen da kike ɗaurawa ga ƙugu? Bisa nai za ki aza littahin Alfa? Lalle boko ya gama da ke."

Na yi mata bayanin Ɗan'azumi, ta ce Ɗan'azumi ba shi zai tsaya gaban Allah a madadinta ba. Na fara ɗaga murya, ita ma ta fara, sai muka tuna wanda ke kwance yana jin mu. Muka sauke murya kamar yaran da aka kama.

Ita ce dai ta samo mafita. Ta buɗe akwati ta ɗauko baƙin rawanin Baba na sallar idi, mai ƙamshin shuni. Ta ce abin da ke hawa kai ba ya wulaƙanta littafi. Ta naɗe farin ƙyallen ta mayar can ƙasan akwati ta rufe. Sai da ta rufe na ji numfashina ya sauka, ban san ina riƙe da shi tun ranar Laraba ba.

Talata, bayan azahar

Haske ya zo, amma rubutun ya yi dishi-dishi. Na koma wurin Ɗan'azumi, ya ce in an ƙara haske a cikin ɗaki idon aparai yakan daɗe a buɗe, motsin hannu kaɗan sai ya ɓata. Hannuna kuwa kwanan nan ko kofi na ɗauka sai ya yi ƙara.

Na yi dabara, na ce in ɗora aparai a kan kujerar igiya, idonta ya leƙa ta tsakanin igiyoyi, littafi a ƙasa. Ban ƙarasa faɗa ba na ga fuskar Inna, na janye maganata da kaina. Littafi ƙarƙashin abin zama, ai ko ni na san ba ta yiwuwa.

Laraba, 13 ga Agusta, da hantsi

Ya fito.

Na jingina matashi a bango kusa da taga, na lulluɓe shi da rawanin, na kwantar da warƙa a kai. Aparai na ajiye ta a kan akwati tana fuskantar warƙar. Akwai wani buton mai jinkiri, in ka danna sai ta ɗan jira kafin ta ɗauka, hannunka ya riga ya bar jikinta. Ƙari ɗaya da rabi. Na danna na janye hannu, na riƙe numfashi kamar ni za a ɗauka.

Takarda fara, tawadar Alfa baƙa, ta Baba ja-ja a gefe, kowane ɗigo a wurinsa. Na matso da hoton na karanta daga jikin aparai. Babin taimama ne, Baba ya rubuta: "Wanda gulbi ke ƙofar gidansa ya ce zai yi taimama, ba matafiyi ba ne, malalaci ne." Na fashe da dariya, ban san lokacin da ta koma kuka ba. Haka yake faɗa, har da ɗaga gira.

Na karanta masa da ƙarfi. Rabin bakinsa ya motsa, na rantse murmushi ne. Na ce, "Baba, ka ga, yanzu ba zai ɓace ba." Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna wajen gulbi.

Alhamis, 14 ga Agusta, da yamma

Aikin yana tafiya, amma tafiyar hawainiya. Kowace warƙa fuska biyu, kowace fuska sai na gyara zamanta, na danna, na jira, na duba. Ga shi ba ɗinki, in na rikita jerin na shiga uku. Hasken tagar kuma na hantsi ne kawai, rana na juyawa ya tafi. Waɗanda na ɗauka a makon jiya duk sai an sake.

Yaya ya kira. Kamiyo ya lalace masa bayan Dosso, ana jiran ƙarfe daga Yamai. Ya tambayi ko na gama. Na ce saura kaɗan. Ko kashi ɗaya cikin uku ban yi ba.

Asabar, 16 ga Agusta, da hantsi

Kwanakin nan ba na salla, don haka ba na taɓa warƙoƙin. Na san akwai malaman da suka sauƙaƙa a kan littafin da ba Alƙur'ani ba, amma a gidan nan ba haka aka tashe mu ba. Inna ce ke ɗaukowa tana jinginawa, ni ina dannawa.

Ba ta iya karatu ba, amma ta san littafin fiye da yadda na zata. Ta nuna mini wata warƙa mai tabon ruwa ta ce shekarar da rufin ɗaki ya yoye ne, a garin Bana, kafin su dawo nan Gaya. Wata mai baƙin tambari ta ce ni ce na kifar da tawada ina rarrafe, Baba ya biyo ni da carbi ya kasa duka. Tana ba da labari tana riƙe da warƙar, ni ina kallon hasken taga yana guduwa. Na so in ce ta yi sauri. Ban ce ba, don rabon da in ji ta yi doguwar magana tun kafin likita.

Lahadi, 17 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Ɗaki duhu, ko ƙari biyu bai yi ba.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan magariba

Ruwa dai. Majo ya zo ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya yi allura, ya tsaya da Inna a bakin ƙofa kamar wancan karon. Wannan karon ma ban tambaya ba.

Baba ya kawar da kai daga cokali. Na gwada da zuma, na gwada da lallashi, na gwada da faɗa irin wanda nake wa yaran aji. Idonsa yana kan ƙusa.

Ina ta gaya wa kaina sannu ba ta hana zuwa. Sai rabin karin maganar ya biyo ni, sai dai a daɗe ba a je ba.

Talata, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Rana ta fito, na yi wanka, na koma salla. Na shirya matashi da rawani da akwati, yau nake sa ran cin rabi. Inna ta shigo da kwanon kunun da ba a taɓa ba, ta ajiye, ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Nasiba, ke maganatai kike son ki riƙe. Shi kuwa wuyanai yake son shi sauke. Kin ga ba shi ci. Jira yake. Ke ɗiyatai ta, ki zaɓa."

Ta tashi ta fita. Na dubi warƙoƙin da suka rage, tulinsu ya fi waɗanda na gama. Babin azumi, babin zakka, babin gado, duk ban kai ba, kuma na hango gefensu cike da jan rubutu. Na so in yi ta dannawa ba ji ba gani, ko da rabinsu ya fito dishi. Na so in ce gobe ɗaya tak. Kwana biyun da na roƙa wurin Yaya ma haka na ce.

Na jera warƙoƙin yadda suke, na mayar cikin gafaka, na ɗaure. Na naɗe ta a leda biyu saboda ruwa. Na durƙusa a gefen gado na ce, "Baba, gobe da safe ni zan kai da kaina." Ya kama wuyan hannuna. Ban san hannun nan yana da sauran ƙarfi haka ba.

Na kira Yaya na gaya masa. Ya ce in nemi Malam Isma'ila, babban ɗan Alfa, kowa a garin ya san gidan.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan magariba

Na fita da sassafe da gafaka a ƙirji cikin hijabi. Kabu-kabu zuwa gada, gulbi ya cika ya yi ja. A duwan, shingen masu binciken kaya na iyaka, wani ya tambayi abin da ke cikin leda, na ce littafin malami ne za a mayar wa masu shi. Ya ɗaga hannu biyu ya ce in wuce, in sa shi a addu'a. Daga Malanville wani moto ya ɗauke ni. Hanyar Karimama ta zama taɓo, wurare da dama sai na sauka na taka da ƙafa, ina rungume da ledar kamar jinjiri.

Malam Isma'ila tsoho ne, ya girmi Baba da kaɗan. Na same shi ƙarƙashin rumfa. Na gaishe shi da ɗan Dandancin da nake ji, ya amsa mini da Hausa don ya hutar da ni. Da na faɗi ko ni ƴar wace ce na miƙa gafakar, sai ya riƙe ta bai buɗe ba, yana shafa fatar.

"Zakariya'u," ya ce. "Tare munka yi karatu. Shi ya hi mu surutu duka."

Na gaya masa yadda ake ciki, iyakar abin da bakina ya iya faɗa. Ya buɗe, ya ga rubutun gefe, ya kai warƙar kusa da idonsa ya karanta wani wuri, ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce in kira gida. Na kira Inna ta kara wa Baba tarho a kunne. Malam Isma'ila ya ce, "Zakariya'u, amana ta iso. Mun amsa, mu da ƴan'uwana duka. Ba ka da nauyin kowa." Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Dandanci. Ta can ɓangaren ba a ji komai ba sai kukan Inna.

Ya ga aparai a wuyana ya tambaya, na ba shi labari. Ya dubi rumfarsa, inuwa ce mai haske ta ko'ina, irin wadda na yi mako biyu ina nema. Ya ce in kwana gidansa in ƙarasa, matarsa za ta ba ni ɗaki, gobe da jibi duk nawa ne.

Wallahi na zauna. Har na kwance igiyar gafakar. Sai na tuna hannun nan a wuyan hannuna, na mayar na ɗaure.

"Littahi na nan, ɗiyata," in ji shi. "Duk randa kika zo kina iske shi. Tashi ki tahi."

Na iso gida rana na faɗuwa, taɓo har gwiwa. Ban wanke ƙafa ba na shiga ɗaki. Idon Baba a buɗe, yana kan ƙusar da babu komai a jikinta. Na ce, "Baba, na kai." Inna ta ce bayan tarhon ya sha kunu, shi ya buɗe baki da kansa.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Ina tattara kayan aikina, matashi da akwati, sai Baba ya buga gado. Ya nuna aparai. Na zaci hotunan littafin yake son gani, na matso zan nuna masa. Ya ture. Ya nuna aparai, ya buga ƙirjinsa.

Baba, da ko hoton kart ɗin ɗan ƙasa sai da aka yi masa dole. Inna ta ce, "Kai Malam, da tsuhwanka?" Amma ta tashi ta tayar da shi zaune, ta sa masa farar riga, ta gyara masa hula, ta share gefen bakin da ya karkace. Shi kuma yana nuna mata hular ta yi gaba da yawa.

Farar riga, farin gemu, farin matashi. Na san abin da za ta yi in na bar ta a sifiri. Na ƙara mata ɗaya, na ɗora ta a kan akwati, na danna mai jinkiri. Cikin ɗan jiran nan ya dubi idon aparai kai tsaye, ya ɗaga gira.

Mako biyu ina ɗaki ɗaya da shi da abin ɗaukar hoto a hannuna, ina fama da takarda. Sai da shi ya tuna mini.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan asuba

Jikin Baba ya tsananta. Na kira Yaya na ce ya bar kamiyon ya hau mota.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan la'asar

Yaya ya iso a kan lokaci. Maigidana ma ya zo. Malam Isma'ila ya taso tun daga Karimama da taɓon nan, shi aka tura gaba a sallar jana'izar Baba.

Tabarmi har waje. Bibata da sauran mata suna ta aikin tukwane, ba su bar ni na taɓa komai ba. An kawar da gadon, ɗakin ya yi faɗi.

Inna tana kusurwa inda aka zaunar da ita. Tun safe ta ce in ba ta aparai, ita da ta kira ta tsiya. Na buɗe mata hoton na sa mata a hannu. Ba ta san cewa in an daɗe ba a taɓa ta ba takan kashe fuskarta don ta tanadi pil ba. Ina bakin ƙofa ina amsa gaisuwa sai na ji muryarta, a firgice.

"Nasiba! Ya yi duhu. Zo ki maido mini shi."

Na ratsa mata na durƙusa gabanta. Na kama yatsanta na ɗora a kan buton ɗin, muka danna tare.